Ɗaci da Bauri: Kalmomin Masu Magani na Coal Camp a Ma'aunin Kimiyyar Sinadarai

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da J. M. Dalziel ya wallafa littafinsa na sunayen tsirrai na Hausa a 1916, masu nazarin harshe sun fi mayar da hankali ga tattara sunayen itatuwa da ciyayi, da daidaita kowane suna da takwaransa na Latin. Wannan aiki ya yi amfani ƙwarai, har yau kuma ana cin moriyarsa. Sai dai akwai wani rukuni na kalmomi da bai sami irin wannan kulawa ba, wato kalmomin da mai magani ke amfani da su wajen bayyana ɗanɗanon itace, da kuma yadda za a sarrafa shi kafin a sha. Wannan maƙala za ta auna waɗannan kalmomi da abin da masana kimiyyar sinadarai suka gano a cikin ruwan da ake tatsowa daga tsirrai, domin a ga inda harshen mai magani ya yi daidai da kimiyya, da inda ya gaza. An ɗauki unguwar Coal Camp ta birnin Inugu a matsayin fagen misali, saboda a can magani ya yi nisa da ƙasar da ya tsira, mai saye kuma sau da yawa ba ya jin harshen mai sayarwa. Abin da ba a lura da shi a kasuwar Kurmi ta Kano yakan fito fili a irin wannan wuri.

2.0 Coal Camp da Hausawanta

Kwal ne ya kafa birnin Inugu. An gano shi a tuddan Udi a 1909, aka fara haƙarsa a 1915, layin dogo daga Fatakwal kuma ya iso a 1916. Coal Camp tana cikin unguwannin farko da aka tanada wa leburorin ma'adinin, tana kuma maƙwabtaka da babbar kasuwar Ogbete. Fataken shanu da 'yan koli da mahauta daga Arewa sun biyo hanyar jirgin, musamman bayan an buɗe gadar Makurɗi a 1932, har ta kai ga Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato mai cinikin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun katse wannan zama, aka koma bayan 1970.

Duk inda zango ya kafu, wanzami da mai magani ba sa nisa. Amma yawancin itatuwan da mai magani ya saba da su, irin su bagaruwa da sabara da aduwa, na ƙasa mai ƙarancin ruwa ne, ba su cika yi a Inugu ba. Saboda haka a bushe suke zuwa cikin buhuna: sassaƙe, da saiwa, da ganye, da garin da aka riga aka daka. Mai saye ba ya ganin itace, guntun ɓawo kawai yake gani, sai kuma abin da aka gaya masa.

3.0 Kalmomin Ɗanɗano

Hausa ta bambanta ɗaci da bauri, bambancin da wasu harsuna ba sa yi da kalma ɗaya tak. Bauri shi ne abin da ake ji idan aka tauna ɗanyar kanya ko 'ya'yan bagaruwa: baki ya ɗaure, harshe ya yi kaushi, miyau ya ƙafe. Abin sha'awa shi ne, kusan duk inda Bahaushe ya ce akwai bauri, mai binciken sinadarai zai tarar da dangin sinadari guda, wanda ake kira tanin. Aikin tanin shi ne kama furotin ya ɗaure shi. A baki yana kama furotin ɗin da ke sa miyau santsi, shi ya sa ake jin kaushi. Ke nan bauri ya fi kusa da taɓawa a kan ɗanɗano. Wannan aikin ne dai yake yi a marinar majema, inda bagaruwa ke ɗaure furotin ɗin fatar akuya ta zama kirgi, ta daina ruɓewa. Shi ne kuma yake yi a hanji, inda yake rage tsattsafowar ruwa, abin da ya sa ake ba mai gudawa jiƙon bagaruwa ko na marke. Majemi da mai magani, ashe, sinadari ɗaya suke aiki da shi. Tanin yana kuma kama ƙarfe. Dukawa sun san haka, domin da ruwan kashin maƙera suke baƙanta fatar da aka jeme. Illar wannan ita ce, yawan shan abu mai bauri tare da abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ake bukata don yin jini, wanda kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne ga mace mai ciki.

Ɗaci bai da irin wannan tsabta ta ma'ana. Harshen ɗan Adam yana da kafofi kimanin iri 25 da ke karɓar saƙon ɗaci, sinadaran da ke motsa su kuwa dangi-dangi ne da ba su haɗa komai ba. Ɗacin kwinin, wanda Pelletier da Caventou suka ware daga ɓawon wani itacen Amurka ta Kudu a 1820, na dangin alkaloyid ne, masu ɗauke da naitirojin. Ɗacin maɗaci, itacen da ya samo sunansa daga ɗacin kansa, na dangin limonoyid ne, haka ma na dogon yaro, domin su biyun 'yan gida ɗaya ne a wurin masana tsirrai. Ɗacin shuwaka, wadda Ibo ke kira onugbu suna miya da ita, wani dangi ne na daban. Kwankwani kuma, wanda maharba ke dafin kibiya da shi, yana da ɗaci, ɗacinsa kuwa na sinadarai ne masu tsayar da bugun zuciya. Don haka zancen nan da aka saba ji, cewa ɗacin magani shi ne alamar ƙarfinsa, rabin gaskiya ne. Ɗaci na nuna cewa akwai wani abu mai aiki a jiki, amma ba ya faɗin wane aiki ne.

Akwai kalmomi biyu da ba na ɗanɗano ba ne kai tsaye, amma suna da amfani irin na bauri. Yauƙi, irin na kuka da karkashi da dargaza, alama ce ta dogayen sinadarai dangin sukari masu riƙe ruwa, waɗanda ke lulluɓe maƙogwaro da hanji. Kumfa kuma, irin wadda ɓawon aduwa ke yi idan aka kaɗa shi a ruwa, alama ce ta safonin, sinadari mai halin sabulu. Safonin na kashe kifi da dodon koɗi. Tun a 1933 R. G. Archibald ya ba da shawarar a yi amfani da 'ya'yan aduwa a Sudan don kashe dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya.

4.0 Kalmomin Sarrafawa

A nan ne harshen mai magani ya fi nuna ƙwarewa. Ƙa'idar da ɗakin bincike ke aiki da ita mai sauƙi ce: kowane sinadari yana da abin da yake narkewa a cikinsa. Wani sai ruwa, wani sai barasa, wani sai mai. Wani zafi ne ke fito da shi, wani kuwa zafi na lalata shi ko ya kore shi cikin iska. Saboda haka saiwa ɗaya tana iya ba da magani uku mabambanta, gwargwadon abin da aka zuba mata da tsawon lokacin da ta yi a ciki. Hausa tana da kalma ga kusan kowace hanya. Jiƙo shi ne a zuba ruwan sanyi a bari ya kwana ko ya wuni. Dahuwa ita ce ta itace mai tauri, wanda ruwan sanyi ba ya ratsa shi. Tsimi shi ne jiƙon da ya ɗauki kwanaki har ya fara tsami, inda ƙwayoyin halitta suka shiga aiki suka sauya ruwan kansa. Sirace shi ne kama abin da dahuwa ke kora, wato sinadarai masu tashi cikin tururi. Haɗa gari da man shanu ko man kaɗe don shafawa hanya ce ta fito da abin da ruwa ba ya narkarwa. Ƙonawa a yi toka kuwa tana hallaka dukkan sinadaran tsiron, ta bar gishirin ma'adinai kawai.

Saiwar sanya misali ce mai kyau. Duk wanda ya kankare ta zai ji ƙamshi irin na man zafin da ake sayarwa a kantin magani, kuma ba kama ce kawai ba, sinadarin ɗaya ne, ɗan'uwan asfirin. Mai tashi ne cikin iska, saboda haka shaƙawa da shafawa sun fi kama shi, doguwar dahuwa kuwa tana korar mafi yawansa, ta bar safonin ɗin saiwar, wanda ke da guba idan ya yi yawa.

Muhimmancin bambanta jiƙo da dahuwa ya bayyana a tarihin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake amfani da shi a asibitocin Nijeriya yanzu. A ƙasar Sin, ayarin bincike na Tu Youyou ya daɗe yana gwada wani tsiro mai suna Artemisia annua a Latin, sakamakon yana zuwa yau da kyau gobe babu. Sai ta koma ga littafin wani likita na ƙarni na 4, Ge Hong, ta lura cewa jiƙawa ya ce a yi a matse ruwan, bai ambaci wuta ba. A 1971 ta sauya hanya, ta tatso tsiron da sinadarin eta, wanda ke tafasa da ɗan zafi kaɗan, aikin ya tabbata. Daga nan aka sami atimisinin, ita kuma ta sami kyautar Nobel a 2015. Fi'ili guda a tsohon rubutu ne ya buɗe hanyar. Wannan ya isa ya sa mai tsara ƙamus ya daina fassara jiƙa da tsima da dafa kamar kalmomi ne masu musanya juna.

Mahaɗi ma yana da nasa aiki. Idan mai magani ya ce a jiƙa da tsamiya ko a matsa lemun tsami, ya sa ruwan ya zama mai tsami, alkaloyid kuwa sun fi narkewa a irin wannan ruwa. Idan ya ce a jefa jar kanwa, ya juya ruwan zuwa kishiyar tsami, wadda ke tausasa ɓawo ta kuma sauya wasu sinadaran. Duk wanda ya jefa kanwa a ruwan zoɓo ya ga jan ya rikiɗe ya yi duhu ya shaida wannan da idonsa. Kanwa ta daɗe da isa ƙasar Ibo, inda ake kiran ta akanwu. Amma tana ɗauke da sodiyam mai yawa, kuma binciken Davidson da Parry a Zariya, wanda aka buga a 1978, ya danganta yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

To, a Coal Camp ciniki yakan gudana da Turancin buroka, wanda ba ya ɗauke da waɗannan bambance-bambance. Jiƙo da tsimi da dahuwa duk sukan dunƙule su zama a sa a ruwa a sha. Bugu da ƙari, al'ada ce sananniya a Kudu a jiƙa saiwoyi cikin barasar ogogoro. Sassaƙen da aka san shi da jiƙon ruwa a Katsina, idan ya shiga kwalbar barasa, zai saki sinadaran da ruwa bai taɓa fito da su da yawa ba. Sunan yana nan, maganin ya sauya. Haka kuma sharaɗin lokaci yakan faɗi a hanya. Sinadaran filasko ba sa aiki sai sun isa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can sun farfasa su, abin da ke ɗaukar awa 6 zuwa 12. Wanda ya taso da filasko ya san da dare ake sha a jira safiya. Baƙo kuwa yana iya ganin shiru bayan awa biyu ya ƙara wani kofin.

5.0 Sunaye

Wasu sunayen tsirrai bayanin aikinsu ne a taƙaice. Haukata-yaro, wato zaƙami, yana ɗauke da atirofin da sikofolamin, masu busar da baki, su buɗe ƙwayar ido, su gusar da hankali. Sunan gargaɗi ne, amma ga mai jin Hausa kaɗai. Sanya ana yi mata laƙabi da uwar magunguna, Ibo kuma suna kiran ta ezeogwu, wato sarkin magani, al'ummu biyu sun ba ta girma iri ɗaya kowace da sigarta. Kauci kuwa Bahaushe ba ya ambatonsa sai ya haɗa da itacen da ya hau, kaucin kalgo ko kaucin tsamiya, kuma binciken Patience Osadebe da abokan aikinta na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wanda aka buga a 2004, ya nuna cewa ƙarfin kauci wajen rage sukarin jinin dabbobin gwaji yana bambanta gwargwadon itacen da aka ciro shi.

Wasu sunayen kuma ɓatar da mai nazari suke yi. Kalmar namiji a sunan tsiro ba ta nufin dangantaka, kama kawai take nunawa tare da ƙarin tauri ko ɗaci. Namijin kaɗe ba dangin kaɗanya ba ne. Namijin goro, wanda daga kurmin Kudu yake tafiya Arewa, ba dangin goro ba ne, kuma abin da ya shahara da shi ba kafeyin ɗin da ke hana mai cin goro barci ba ne. A Nsukka ne Maurice Iwu ya ware daga cikinsa haɗin sinadaran da ya sa wa suna kolabiron, ya kuma nuna a 1985 cewa suna kare hantar dabbobin gwaji daga guba. Sunan Ibo, aki ilu, wato ƙwara mai ɗaci, bai jawo wannan ruɗani ba. Tazargade ma haka: tsiron da masu bincike a Zariya suka yi aiki a kansa da wannan suna Artemisia maciverae ne, amma yanzu ana kiran tsiron ƙasar Sin da aka ambata a baya da sunan, alhali yawan atimisinin ya bambanta ƙwarai tsakanin 'yan wannan dangi. Idan kuma abin ya zama gari a ƙullin leda, ko masanin tsirrai ba ya iya rantsuwa a kansa da ido.

Ga kuma abin da suna ba ya faɗa ko kaɗan. Ruwan saman Inugu ya ninka na Kano, damina kuma ta fi tsawo. Garin da zai shekara lafiya a Gusau yana iya yin hunhuna a nan cikin makonni, wasu nau'o'in hunhuna kuwa suna haifar da afalatoksin, gubar hanta da aka gano bayan mutuwar talotalo masu ɗimbin yawa a Ingila a 1960, wadda tafasawa ba ta kashe ta.

6.0 Ma'anar Yana Aiki

Idan mai magani ya ce itace yana aiki, yana nufin wanda ya sha ya ji sauƙi. Idan mai bincike ya faɗi haka, sai a tambaye shi a wane mataki: a farantin gilashi, ko a jikin ɓera, ko a jikin mutum. Tazarar da ke tsakanin matakan nan tana da faɗi, kuma rahotanni da yawa da ake bugawa a mujallun kimiyya a matakin farko suke tsayawa. Tanin, tun da yana kama duk furotin ɗin da ya tarar, yakan hana ƙwayoyin cuta girma a faranti, alhali kaɗan ne daga cikinsa ke ratsa hanji ya shiga jini. Kusan duk ɓawo mai bauri zai ci wannan jarrabawa ta farko.

Dogon yaro ya nuna matsalar sarai. Baƙo ne daga ƙasar Indiya, yana da sunaye da dama a ƙasar Hausa, darbejiya da bedi da maina, amma dogon yaro ne sunan da Ibo da Yarbawa suka ara. Aikinsa a kan ƙwari tabbatacce ne: Butterworth da Morgan sun ware azadiraktin daga 'ya'yansa a 1968, sinadarin da ke hana fara cin ganye. Okpanyi da Ezeukwu sun ba da rahoto a 1981 cewa ruwan da aka tatso daga gare shi yana saukar da zafin jiki da kumburi a dabbobin gwaji. Iroka Udeinya ya buga sakamako a 1993 a kan tasirin ganyensa ga ƙwayar cutar cizon sauro, ayyukansa na baya kuma da haɗin asiton da ruwa ya yi su, ba da tukunyar dahuwa ba. Duk da haka, magungunan da Nijeriya ta amince da su tun 2005 don wannan cuta masu ɗauke da atimisinin ne. A nan harshe ya sake shigowa. Zazzaɓi a Hausa sunan alama ne, wato zafin jiki, ko mene ne sanadinsa. Idan aka juya shi zuwa buroka sai ya zama maleriya, kamar yadda shawara ke zama taifot, basir kuma ya haɗiye cututtukan ciki iri-iri. Ganyen da ya saukar da zafi ya cika alkawarin da kalmar Hausa ta ɗauka, amma bai cika wanda kalmar asibiti ta ɗauka ba, domin ƙwayar cutar tana iya kasancewa a jini bayan jiki ya yi sanyi. Ga ƙaramin yaro, wannan bambanci na iya zama na rai da mutuwa. Man 'ya'yan itacen ma an tabbatar a Malesiya tun 1981 cewa yana sa jarirai amai da suma.

Ɗakin binciken kansa bai tsira daga kuskure ba. Tafashiya itace ne da Hausawa da Ibo duka suke shan saiwarsa don zazzaɓi da ciwon jiki, tana kuma da alkaloyid nata na asali. A 2013 wani ayarin masana ƙarƙashin Michel De Waard na Faransa ya sanar cewa ya sami tiramadol, maganin ciwon nan da masana'anta ke haɗawa, a saiwar tafashiyar arewacin Kamaru, aka ɗauka itacen ne ke yin sa. A 2014 ayarin Michael Spiteller na Jamus ya sake bin sawun maganar. Ya tarar da sinadarin a saiwar wasu itatuwan da ba su da dangantaka da tafashiya, da cikin ƙasa, da ruwan yankin, bai kuma same shi a tafashiyar kudancin ƙasar ba. Da aka tambayi manoma, sai suka ce suna shan ƙwayar, suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki, shanun kuwa a inuwar itatuwan suke hutawa suna fitsari.